Sunan Tafinta a Takardar Ayari

Ranar Talata

Zuwa ga maigidana, likitan awaki,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da yara. Yaya ƙafar Inna? Ina fata ta daina hawa kujera tana share yana da kanta. Ka gaishe min da ita, ka ce mata lafiyata ƙalau, kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Na san ka ji a rediyo. Waya ta ɗauke tun ranar Juma'a, shi ya sa ka gan ni da biro da takarda kamar zamanin da kake nemana. Wani ma'aikacin agaji zai fita gobe a jirgin ƙungiyarsu, shi zai aika maka da ita.

Sojojin ƙasar nan sun rabu gida biyu, kuma a tsakiyar gari suka zaɓi su raba raini. Ranar Juma'a da hantsi ina kan tebur ina fama da tsarin zaman wata liyafa, wa zai zauna dama da minista, wa zai zauna hagu, sai igwa ta tashi. Gilasan gaban ofis duka suka zubo. Da na ɗago kai na leƙa, sai ga mai sayar da jarida na tsallaken titi, wanda kullum yake ajiye min tawa, a kwance a bakin rumfarsa, rabin jikinsa a kan titi, rabi a cikin kwata. Yau kwana biyar yana nan. Direbanmu da mai gadi sun fita da labule za su rufe shi, aka buɗe musu wuta daga saman bene, suka dawo da rarrafe. Karnuka sun fara zuwa. Na sa an jingina kabad a jikin tagar don kada ɗaliban su riƙa gani.

Ɗalibai na ce maka, domin 'yan ƙasarmu talatin da wani abu ne suka taru mana: ɗalibai, 'yan kasuwa, da wata nas mai jego. Sun cika zauren da masu neman biza suke jira, mun ture kujeru mun shimfiɗa musu dardumar ɗakin taro. Jakada kuwa ya sa an mayar masa da teburinsa ƙarƙashin matakala, yana zaune a can da babbar riga da hula, takalmi na ƙyalli, yana rubuta wa gida rahoto da babu hanyar aika shi. Da ina yi masa dariya. Yanzu na lura idan mutane suka gan shi a haka hankalinsu yana ɗan kwanciya, sai na kama bakina.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka tuna Baba Tafinta, dattijon da nake ba ka labari, wanda a makona na farko ya gyara min gaisuwa a gaban minista har na yi kwana uku ba na yi masa magana? Shekararsa ashirin da biyu a ofishin nan. Jakada bakwai ya koya wa yadda ake buɗe baki a ƙasar nan. Ɗan ƙasar ne, amma haifaffen tsallaken kogi, kuma sojojin da suka riƙe gari yanzu sun ce duk mutumin tsallaken kogi ɗan leƙen asirin ɗaya ɓangaren ne. Gida gida suke bi suna duba katin shaida, domin a jiki ake rubuta garin haihuwa.

Ranar Lahadi da azahar ya iso ƙofarmu, matarsa tana riƙe da shi. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Kunnensa ɗaya a tsage yake har ƙasa, hannunsa na dama kuwa sun ɗora shi a kan dakali sun taka da takalmi har yatsu uku suka karye. Ya ce an fito da mazan layinsu an jera su a jikin katangar makaranta, mutum goma sha huɗu. Da aka zo kansa ya ɗaga katin aikinsa na ofishinmu. Hafsan ya juya katin gaba da baya, ya ga tambarin ƙasarmu, ya ce a fitar da wannan daga layi, a yi masa duka kawai. Yana ƙasa ana dukansa ya ji an harbe sauran. A cikinsu har da maƙwabcinsa da suke raba katanga shekara talatin.

Nas ɗin ta ɗaure masa yatsun da abin auna layi na ofis da igiyar fayil. Da ta gama sai ya ba ni haƙuri wai ya ɓata mana darduma da jini. Ka san ni da saurin hawaye idan raina ya ɓaci. Na shiga banɗaki na yi mai isata, na wanke fuska, na fito na ce masa muddin ina numfashi a ofishin nan babu mai sake taɓa shi. Kati guda mai tambarinmu ya cire shi daga bakin bindiga, to ni kuwa hatimin gaba ɗaya yana cikin jakata.

Kada ka tayar da hankalinka. Muna da ruwa, muna da shinkafa, tuta tana nan a sama. Ka tabbatar Auta tana shan maganinta, kada ta yaudare ka da murmushi. Ina kewarku fiye da yadda zan iya rubutawa.

Taka har kullum,
Gajeriya


Ranar Asabar

Maigidana abin alfaharina,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ta yi nisa. Ina fata kana lafiya, da Inna, da Babba, da Auta. Ban san ko takardar farko ta iso gare ka ba. Wannan kuwa babu mai kai ta, zan riƙe ta a jaka har mu haɗu da mai tafiya, ko kuma in miƙa maka da hannuna.

Sun kashe mana mai gadi. Ranar Laraba da la'asar wata mota ta tsaya a ƙofa da sojoji bakwai, wasunsu ko takalmi babu, idanu jajur. Suka ce a buɗe, an gaya musu muna ɓoye mutanen tsallake. Jakada ya fita da kansa, ni ina bayansa, ya nuna musu tuta, ya ce nan ƙasarmu ce, ba a shiga sai da izini. Babban cikinsu ya saurare shi har ƙarshe kamar mutumin kirki. Sannan ya juya ya harbi mai gadi a fuska ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Bai yi musu komai ba, tsaye kawai yake da makulli a hannu. Jininsa ya fantsamo min har a baki. Suka hau mota suka tafi suna dariya. Mun binne shi a lambun baya, kusa da janareta, 'yan kasuwa suka haƙa da shebur ɗaya da murfin tukunya.

Washegari saƙo ya samu shigowa daga gida ta na'urar wani ofishin jakadanci na maƙwabta: a rufe ofis, a kwashe kowa ta mota zuwa kan iyaka. Tafiyar yini biyu ce. Mun samu bas babba guda ɗaya, direbanmu zai ja, motar Jakada a gaba da tuta.

A nan ne muka yi rigima, kuma ina so ka ji ta daga bakina, domin na san da kana nan da ka ce na cika kafiya. Ƙa'idar aikinmu ita ce, ayarin ofishin jakadanci ba ya motsi sai an rubuta wa ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da ake ciki takardar sanarwa: ranar tafiya, hanyar da za a bi, lambar mota, da sunan duk wanda yake ciki. Su buga hatimi su dawo da ita. Wannan takarda ita ce garkuwarmu a kowane shinge. Shekara tara ina rubuta irinta, ba a taɓa dawo min da ɗaya don kuskure ba.

Direba ya same ni a ɗakin fayil ya rufe ƙofa. Ya ce kada in sa sunan Baba Tafinta. A bar shi ya kwantar da dattijon a ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin bas, a jera akwatuna a gabansa. Matarsa haifaffiyar cikin gari ce, ita babu matsala, ta zauna a kujera. Na hau shi da faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce mu ofishin jakadanci ne, ba 'yan fasa ƙwauri ba. Idan aka buɗe ma'ajiyar aka ga mutum a ɓoye, ba shi kaɗai ba, duk wanda yake cikin bas ɗin ya shiga uku, kuma ba mu da bakin magana a ko'ina. Amma idan sunansa yana cikin takarda a matsayin ma'aikacinmu, duk wanda ya taɓa shi ƙasa guda ya taɓa. Na kai maganar gaban Jakada, ya ce ni ce mai wannan fannin, abin da na yanke shi ke nan.

Takardar dole a yi ta da harshen ƙasar, don haka Baba Tafinta ne ya fassara, yana faɗa ina bugawa tun da hannunsa ba ya riƙe komai. Da muka zo suna na talatin da bakwai, wato nasa, sai ya dakata. Ya ce, “Ranki ya daɗe, a tsallake wannan. Ma'aikatar da kika sani ba ita ce a can yanzu ba.” Na ce Baba, katinmu ne fa ya cece ka a jikin katangar nan. Ya ce wancan hafsa ɗaya ne da ya tsorata, wannan kuwa takarda ce da za ta kwana a hannunsu. Na yi masa bayanin da na yi wa direba. Muka ci gaba har ƙarshen jerin, na ɗauko hatimi, sai ya ɗora hannunsa na hagu a kan takardar ya sake cewa, “'Yata, ina roƙonki, a cire.” Bai taɓa ce min 'yata ba. Na ce ya yarda da ni, aikina ne, na san shi kamar yunwar cikina. Ya janye hannunsa, na buga.

Ni na kai ta da kaina jiya da safe, ni da direba, da tuta a gaban mota. Ba zan gaya maka duk abin da na gani a hanya ba. A shataletalen banki akwai wata ƙaramar bas da ta ƙone da mutanenta a zaune. Gaba kaɗan mun tarar da wasu sun ɗaure wani mutum a bayan mota suna jan sa a kan kwalta, yana da rai har lokacin. Direba ya ce in sunkuyar da kai, ban iya ba.

Ma'aikatar babu gilashi ko ɗaya, takardu sun cika farfajiya. Amma akawun da na saba kai wa takarda yana nan a teburinsa, sai dai wani hafsa yana zaune a gefen teburin yana karkaɗa ƙafa. Akawun bai yarda mun haɗa ido ba. Ka san sau nawa nake zarya mako uku kafin su buga min hatimi? Jiya minti ashirin. Hafsan ma ya tambaya cikin ladabi ko ina da wani kwafi da zai aika wa shingayen hanya don kada a ɓata mana lokaci. Ka san matarka, ba na fita da ƙasa da kwafi uku. Na ba shi.

Na dawo na ɗaga wa direba takardar a fuska, na ce ga abin da ake kira aiki. Na nuna wa Baba Tafinta hatimin, ya duba, ya ce Allah ya saka. Gobe da sassafe za mu tashi. Ka yi mana addu'a, ka kuma shirya shan labari, don sai ka gaji da ni.

Matarka mai kafiya,
Gajeriya


Ranar Laraba

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da yarana, da fatan kuna lafiya. Mun tsallake iyaka tun shekaranjiya, muna wata makaranta da aka mayar masaukin waɗanda suka gudo. Ina da rai. Haƙorana biyu na gaba sun fita, an ɗinke min leɓe, ka gaya wa yara tun yanzu don kada su firgita. Jami'in da ya zo tarbarmu daga gida zai riga mu komawa, shi zai kawo maka wannan da ta ranar Asabar. Ka karanta waccan tukuna.

Sun kashe Baba Tafinta. Ni na kai musu shi.

Shinge na farko, a bakin gari, soja ya karɓi takardar ya ga hatimi ya sara mana. Na biyu ma haka. Ina zaune a kujerar gaba ta bas, na juya na ce wa Baba, to yaya, har yanzu ana shakkar ƙaramar yarinya? Ya yi murmushi. Yana zaune a layi na uku, matarsa ta wajen taga.

Shinge na uku yana kan wata gada, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Tun kafin in miƙa tawa na ga hafsan wurin yana riƙe da takarda. Na gane ta daga nesa, domin ni kaɗai nake maƙala takarda a kusurwa da jan fil. Kwafin da na bayar ne. An ja layi a ƙarƙashin suna ɗaya. Bai hau bas ba, bai nemi fasfon kowa ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya kira sunan sau ɗaya, har da sunan uba, yadda na buga shi.

Baba ya miƙe. Matarsa ta riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya da hannunsa mai lafiya. Na riga shi sauka. Jakada ma ya fito daga motarsa. Na buɗe takardar na nuna hatimin ma'aikatarsu, na shiga karanto musu yarjejeniyar ƙasashe a kan ma'aikatan ofishin jakadanci, sashe sashe, da ƙarfi. Babu mai jin abin da nake faɗa a cikinsu. Sai Baba ya matso gefena na hagu, inda ya saba tsayawa idan muna gaban minista, ya shiga fassara musu da muryarsa ta aiki, bai rage ko kalma ba. Da hafsan ya ba da amsa, ya juyo ya fassara min ita ma. Ya ce, “Ranki ya daɗe, yana cewa sun gode da takardar. Ya ce kwana shida suna nemana, ba su san inda na shiga ba. Ya ce ku hau mota.”

Na kama hannun Baba na ce babu inda za shi. Abin da na sani kawai gindin bindiga a bakina. Na faɗi, na ji haƙorana a kan harshe. Jakada ya shiga tsakani, suka yaga masa riga tun daga wuya, suka durƙusar da shi a kan kwalta da bindiga a ƙeya. Ina kwance ina gani suka ja Baba zuwa ƙarfen gada. Sun fara da hannun da ya karye. Mutum huɗu suka rufe shi da takalmi da gindin bindiga har ya daina kare kansa, sannan suka ɗaga shi suka jingina da ƙarfen, domin ba ya iya tsayuwa. Harbi uku. Suka kama ƙafafunsa suka wuntsila shi ƙasa. Matarsa tana dukan gilashin taga da goshi, ɗalibai mata biyu suna riƙe da ita.

Hafsan ya zo ya tsince takardata daga ƙasa, ya kaɗe ƙurar, ya miƙo min. Ya yi wa direba alama ya wuce. 'Yan kasuwa suka ɗauke ni suka sa a mota. Bayan wannan mun wuce shinge shida, duk sara mana suke yi.

Akwai sauran abin da ban faɗa ba, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Da muka tsallake iyaka, aka ce kowa ya sauka ya ɗauki kayansa. Direba ya buɗe ma'ajiyar ƙarƙashin bas, ya janye akwatuna, sai ga mutane suna rarrafowa. Mutum huɗu: wani makanike abokinsa, da matar makaniken, da ƙannenta maza biyu, duka mutanen tsallaken kogi. Ya shigar da su tun kafin mu tashi bai gaya wa kowa ba. Sun galabaita, ƙafafunsu sun sage, ɗaya ya yi amai a jikinsa, amma duka huɗun da ransu. Shinge tara muka wuce, babu inda aka buɗe ma'ajiyar nan. Ba su da dalilin buɗewa, tun da na rubuta musu duk wanda yake ciki. Direba ya ci gaba da sauke akwatuna. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Matar Baba tana tsaye a wurin, ta ga fitowarsu. Ba ta san yadda aka yi ba, domin Baba bai gaya mata an yi wata magana a kan ma'ajiyar ba. Jakada ya ce in bar ta da abin da take ciki, faɗa mata ba zai dawo da shi ba. Na yi kwana guda ina bin maganarsa. Jiya da hantsi na kasa. Na nemi nas ɗin nan, wadda take ɗan jin harshensu, muka same ta a ajin da aka ba mata, tana zaune a kan benci. Na durƙusa na gaya mata duka: cewa an kawo shawarar a ɓoye shi, ni na hana, ni na buga sunan, ni na kai musu da hannuna har da ƙarin kwafi.

Ta daɗe tana kallon bakina da aka ɗinke. Sai ta tambaya, shi ya yarda a sa sunan? Na ce a'a, ya roƙe ni in cire. Ta ce sau nawa? Na ce sau biyu. Ta ce, “Shekara arba'in muna tare. Ban taɓa jin ya roƙi mutum abu sau biyu ba.” Ta juya fuskarta ga bango. Nas ta taɓa ni muka fita.

Na san abin da za ka ce, cewa kwanansa ne ya ƙare, kuma niyyata alheri ce. Inna ma haka za ta ce. Gaskiya ne, amma ina roƙonka kada ka faɗa min shi ranar da na dawo. Mutum biyu da suka fi ni sanin waccan ƙasar sun gaya min, na ɗaga musu murya don ni ce mai hatimi.

Matar Baba ba ta da kowa a wannan ɓangaren, 'ya'yansu biyu suna tsallaken kogi, ba a san halin da suke ciki ba. Na roƙi Jakada a nema mata izinin shiga ƙasarmu, ya amince. Na aika nas ta gaya mata akwai ɗaki a gidanmu. Ta ce a gaya min ta ji. Ka sa a gyara ɗakin baƙi duk da haka, ka cire kwalayen magungunan dabbobinka daga ciki. Idan ka zo filin jirgi ka gan ni ni kaɗai, kada ka tambaye ni.

Ka shafa min kan yara. Ka roƙa wa Baba gafara a sallarka, da mai gadi.

Matarka,
Gajeriya